Wutar Daji: Tartsatsi Ke Riga Ta Shiga Gida

Gambar nan da muke yankowa mu saƙa zana, mu yi jinka, mu jingine ragowar a bayan ɗaki, a arewacin Ostireliya yaƙi ake yi da ita. A shekarun 1930 aka kai ta can daga Afirka don shanu su samu abin kiwo, har sunanta ya bi ta, domin su ma gamba suke ce mata. Da ta samu ƙasa sai ta baje, takan kai tsayin mita 4, kuma idan ta bushe ta kama, zafin wutarta yakan ninka na ciyawarsu ta asali sau da yawa, har ya kashe manyan itatuwan da a da gobara kan wuce ta bar su a tsaye. Yau tana cikin jerin ciyayin da gwamnatin ƙasar ta ayyana a matsayin annoba, ana kashe kuɗi ana feshe ta. Mu kuwa a ƙarƙashinta muke kwana. Ban kawo wannan don kowa ya rushe danninsa ba, talaka da abin da yake da shi yake rufa wa kansa asiri. Na kawo shi ne don sabo da abu yakan sa mutum ya manta da halinsa.

Lokacin wutar daji ba ɓoyayye ba ne. Ruwa na ɗaukewa a wajajen Oktoba, ƙyasuwa da tofa da gamba su fara ja, zuwa Disamba iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Iskar da ke fasa maka leɓe da dunduniya ita ce ke tsotse ɗan danshin da ya rage a jikin ciyawa da jinka. Abin takaicin ma, shekarar da damina ta fi albarka ita ce ta fi haɗari, don ciyawa ta fi cika daji. Masu kunnawar kuma mun san su, da yawansu 'yan gidanmu ne: samarin da ke ƙona daji don gafiya da gyazbi su fito, mai cin zuma da ya yar da bakin wutarsa a gindin bishiya, makiyayin da ke son sabon toho, manomin da ya cinna wa sassabe wuta ya tafi sallar azahar, matafiyin da ya dafa shayi bai turbuɗe garwashin ba, direban da ya cillo guntun taba ta taga. A Najeriya hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai tun 2011. Sai dai doka tana cikin littafi, ashana tana aljihun yaro.

Yawancinmu muna ɗauka cewa wuta na cin gida ne idan harshenta ya iso ya lashi bango. Wani mai bincike a hukumar gandun daji ta Amurka, Jack Cohen, ya shafe shekaru yana bin unguwannin da wutar daji ta cinye, sai ya riƙa ganin wani abin mamaki: gida ya zama toka, amma bishiyar da ke kusa da shi tana nan da ɗanyen ganyenta. Da bangon wuta ne ya bi ta wurin, da bishiyar ba ta tsira ba. Abin da ya gano shi ne tartsatsi ke yin aikin. Iska na kwaso guntayen garwashi, ɓawon itace da ganye mai ci, ta yi gaba da su tun wutar tana nesa, wani lokacin tazarar kilomita ko fiye, ta watsa su a kan gari kamar yayyafi. Wanda ya faɗi a tsurar ƙasa ya mutu. Wanda ya faɗi a kan ƙaiƙayi, ko ya maƙale a gindin zana, ko ya shige ƙarƙashin jinka, shi ne zai yi ta ci a hankali har ya tashi. Saboda haka Cohen ya ce makomar gida tana ga jikin gidan da abin da ke kewaye da shi cikin mita 30. A jihar Kalifoniya ma doka ce mai gida a yankin daji ya share wannan tazara.

A ranar 8 ga Agusta, 2023, wuta ta cinye garin Lahaina da ke tsibirin Mawi a Hawayi, mutum fiye da 100 suka rasu, gine-gine sama da 2,000 suka ƙone. Busasshiyar ciyawar da ta mamaye tsofaffin gonakin rake da aka yi watsi da su ita ta yi wa wutar jagora zuwa cikin gari. A hotunan da aka ɗauka daga sama, an ga wani gida ɗaya mai jan rufi tsaye cikin toka kamar an dasa shi bayan gobarar. Gidan katako ne, ya kusa shekara 100. Ba da jimawa ba masu shi suka sauya masa rufi zuwa na ƙarfe, suka cire shuke-shuken da ke manne da bango, suka zuba duwatsu kewaye da gindinsa faɗin kamar mita guda. Gara suke gudu da suka yi haka, wuta ba ta cikin lissafinsu. Ya kuma yi sa'ar samun 'yar tazara tsakaninsa da maƙwabta. Amma dai tartsatsin da ya sauka a gindinsa dutse ya tarar.

To, maigida, ka zaɓi wata safiya cikin kaka ka zagaya gidanka da idon tartsatsi. Ka tambayi kanka: in ni ne guntun garwashi, iska ta jefo ni nan, me zan ci?

Fara da taku biyun farko daga jikin kowane bango. Nan ne ya fi ko'ina muhimmanci, kuma nan ne muka fi tara tarkace: itacen girki, tsohuwar tabarma, buhunan dusa, tayar babur, busasshen ganyen da iska ta tara a lungu. Wannan wuri ya zama tsurar ƙasa, a share shi kamar yadda uwargida ke share tsakar gida. Ka ɗaga kai ka dubi rufi. Idan na kwano ne, ka duba ganyen da ya taru a kwarin kwanon da cikin indararo, da ramukan da ke tsakanin kwano da bango inda tsuntsaye ke cusa ciyawar sheƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma tartsatsi. A toshe da laka, ko a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a tagogin shan iska. Reshen da ya sunkuyo kan ɗaki a datse shi. Wanda ya dasa itacen turare kusa da gida ya sani cewa ganyensa na da mai, ɓawonsa kuma yakan tashi da wuta ya yi nisa. Mangwaro da darbejiya sun fi shi dama, muddin ana share ƙarƙashinsu.

Sai babbar magana: harawa da kara. Bayan girbi kowa ya ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗaki ko kan rumfa, ya kafa tarin kara a jikin danni. Na san dalili. A bar su a gona ɓarawo ya kwashe ko dabbobin wani su cinye, ga harawa ta zama kuɗi idan rani ya yi nisa. Ba zan ce a kai su bayan gari ba, don babu wanda zai ji. Abin da zai yiwu shi ne a sauke su daga kan ɗakin kwana, a ware musu kusurwa ɗaya da ta yi nisan aƙalla mita 10 daga inda mutane ke barci, a share kewayenta. A lura da inda iska ke fitowa: tari ya kasance a ɓangaren kudu maso yamma, ta yadda in ya kama iskar hunturu za ta kaɗa wutarsa ta yi nesa da ɗakuna. Kada kuma a haɗe komai wuri guda. Tari biyu masu tazara sun fi babban tari ɗaya, ko ɗaya ya tafi ɗaya ya saura.

Rumbu ma haka. Ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashinsa tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai ita ce ashanarsa. A nome ta, a kwashe. Mai hali ya yi rufewa ta laka, ko ya yaɓe na karan da taɓo.

Akwai wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Danni yakan taso daga wannan gida ya haɗe da na maƙwabci, na maƙwabci ya haɗe da na gaba, har ƙarshen unguwa. Wannan lagwani ne. Wuta ta kama ƙarshensa ɗaya, za ta bi shi gida-gida ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Inda danni ya taɓa jikin ɗaki, a yanke shi a cike gurbin da ɗan ginin laka ko fallen kwano ko da na taku biyu ne. Kuma wanda ke ajiye fetur a jarka, ko tukunyar gas, ko janareta, ya fitar da su daga ɗakin jinka ya ba su wurinsu daban, a fili mai inuwa.

Gida ɗaya ba ya tsira shi kaɗai idan na kusa da shi ya kama, shi ya sa rabin aikin na gayya ne. A yankunan makiyaya na Nijar, irin su Tawa da arewacin Maraɗi da Damagaram, duk shekara bayan damina akan fitar da jama'a su share dogayen hanyoyi cikin ciyawa, faɗin mita 15 zuwa 20, don wuta in ta iso ta rasa abin ci ta tsaya. Sau da yawa ana biyan masu aikin, ciyawar da aka kwashe kuma ta zama abincin dabbobi. Ƙauye ba ya bukatar jiran wata hukuma kafin ya yi irin wannan. Dagaci ko mai unguwa ya sa rana, a fito da fartanya da manjagara da garmar shanu, a zagaye gari, a fi faɗaɗawa ta gefen arewa da gabas. Abin da aka nome a kwashe shi, in an bar shi jibge a bakin hanyar an yi aikin banza. Wasu garuruwan sukan share layi biyu su ƙone tsakaninsu. Dabara ce mai kyau, da sharaɗin a yi ta tun farkon kaka ciyawa na da sauran danshi, da yamma lis iska ta kwanta, da isassun mutane riƙe da ɗanyen ganye.

Dattawan zango a Gana ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari ya haɗu da wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, aka shiga yunwa. Bayan wannan ne ƙasar ta yi dokar 1990 da ta tanadi ƙungiyoyin 'yan sa-kai na kashe wutar daji a garuruwa. Samarinmu da ke iya haɗa ƙungiyar ƙwallo da ta sintiri ba za su gaza haɗa irin wannan ba. A ajiye lambar masu kashe gobara a waya, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, 192 a Gana, a kuma kira da wuri. Amma mutumin ƙauye ya san nisan da ke tsakaninsa da motar.

Yanzu maganar iyali, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata. Wutar daji ta fi ƙarfi daga tsakar rana zuwa la'asar, daidai lokacin da maza ke kasuwa ko fadama, gida ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Malam, idan iyalinka na cikin kulle, ka faɗa musu yau da bakinka cewa ranar da aka ga wuta ta doso gari ba sai an nemi izininka ba, su fita. Kada ka ɗauka sun sani. Mace mai biyayya za ta iya tsayawa tana kiran wayarka da ba ta shiga, tana jira, har hayaƙi ya rufe ƙofa. Ku zauna bayan sallar isha ku raba aiki da suna: wa zai goya jariri, wa zai kama hannun kaka, wa zai leƙa gidan makahon da ke maƙwabtaka, wa zai kwance dabbobi. Malamin tsangaya ya san adadin almajiransa, ya naɗa manya su ƙirga ƙanana. Yara kan ɓuya idan sun tsorata, a ƙarƙashin gado ko bayan randa, don haka a koya musu cewa waje ake yi.

Ku tsayar da wurin haɗuwa wanda babu abin ci a cikinsa: filin Idi, filin ƙwallon makaranta, tsakiyar kasuwa, gonar da aka kwashe karanta tas, yashin rafi. Ku san hanya biyu zuwa can, don ɗaya na iya toshewa. A haɗa 'yar jaka a rataye kusa da ƙofa, a ciki da takardun gona da na fili, katin ɗan ƙasa, takardun makarantar yara, katin asibiti, maganin mai hawan jini ko mai asma, tocila, ɗan kuɗi. Mai babbar waya ya ɗauki hoton takardun ya tura wa ɗan'uwa a wani gari. A kuma yarda da ladan cewa lasifikar masallaci ita ce ƙararrawar gari.

Ranar da aka hango hayaƙi, a fara duba iska. A ɗebi ƙasa a saki. Idan ƙurar ta taso daga wajen hayaƙin ta nufo ka, kana kan hanyarta. Wutar ciyawa a rana mai iska takan yi gudun kilomita 25 a awa, babu mai goyo da zai tsere mata, ko ƙato ma ba zai jima yana gaba da ita ba. Tana kuma ƙara sauri idan tana hawan tudu, kusan ninki biyu a duk ɗan ƙarin gangare na digiri 10. Mata da yara da tsofaffi da marasa lafiya su tafi tun sararin sama na ganuwa. In an fita aka dawo ba abin da ya faru, an yi asarar yini ɗaya ne kawai.

Tarihin manyan gobarori duk abu ɗaya yake maimaitawa. A Fotugal, ranar 17 ga Yuni, 2017, mutum 66 suka mutu a yankin Pedrógão Grande, 47 daga cikinsu a kan titi guda, cikin motoci ko kusa da su, sun fito a makare wuta ta tare su tsakanin itatuwan turare da na fayin. A garin Paradise na Kalifoniya da kewayensa, Nuwamba 2018, mutum 85 suka rasu, mafi yawansu tsofaffi, hanyoyin fita suka cushe da motoci. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, 7 ga Fabrairu, 2009, an rasa mutum 173, akasarinsu a cikin gidaje. Waɗannan mutane ne masu motoci da jiragen kashe gobara. Akan ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Matsalar wuta ita ce lokacin da ta sa ka gudu, hanya ta riga ta rufe.

Majiya ƙarfin da suka rage, in da sauran lokaci, ga abin yi. A cika randa da bokiti da duk wani mazubi, a jera su a tsakar gida. A jiƙa jinka da gindin danni ta gefen da wutar ke zuwa. A kwashe tabarmi da katifu da shanyar da ke waje a shigar ɗakin laka, a rufe ƙofofi da tagogi, a cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin ƙofa. A kashe wutar murhu, a rufe gas. Dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da dabara, a kwance ta a kora zuwa makiyayar da aka cinye ƙarƙaf ko fili, kada a kulle ta a garken kara. Sutura kuwa ta auduga mai kauri, doguwar riga da wando da takalmi rufaffe. Yadin roba, irin na yawancin hijabai da rigunan ƙwallo, narkewa yake yi ya manne a fata, silifas ma haka. A rufe hanci da baki da ƙyalle ko takunkumi, tare da sanin cewa toka kawai yake tarewa, gubar hayaƙi na wucewa. Aikin mai tsaron gida shi ne farautar tartsatsi, duk inda ya sauka a kashe shi da ruwa ko ƙasa tun yana ƙarami. Masu bugun wuta da ɗanyen ganye su bi ta gefenta da bayanta, kada su tsaya mata a gaba. Wutar da harshenta ya kai tsayin mutum ta fi ƙarfin ganye, a ja da baya. Kada kuma wani ya ce zai cinna tasa wutar don ta tare mai zuwa, alhali iska na kaɗawa kuma bai san inda sauran jama'a suke ba. Kuma duk abin da aka manta a ɗakin da ya kama, ko kuɗin adashe ne, an bar shi ke nan.

Wanda wuta ta rutsa da shi a daji kada ya bi iska da gudu, kada ya hau tudu, kada ya hau bishiya. Ya yanke ta gefe, ya nufi inda ta riga ta cinye, ko hanya, ko fili, ko ruwa. In babu, ya sami kwari ko bayan dutse inda ciyawa ta fi ƙaranci, ya share abin da zai iya, ya kwanta rubda ciki ya rufe jikinsa, domin zafin da ke bugowa daga nesa yakan kashe mutum tun harshen bai taɓa shi ba. Wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri ɗaya. Direban da hayaƙi ya rufe wa hanya ya tsaya a inda ba ciyawa, ya kunna fitilu, ya rufe gilasai, kowa ya sunkuya ƙasa da taga ya lulluɓa har ta wuce.

In tufafin mutum suka kama, kada ya ruga. Ya faɗi ya yi ta birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo ko su watsa masa ruwa. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara mata har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Manja, ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai, toka, kashin shanu, duk ƙara wa ciwo suke yi, su jawo ruɓa. Yadin da ya manne a fata a bar wa ma'aikatan lafiya. Wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dushe, ko gashin hancinsa ya babbake, a kai shi ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, maƙogwaro kan kumbura daga baya.

Bayan ta wuce ma a raba dare a yi gadi. Busasshen kashin shanu, kututture, tarin ƙaiƙayi da cikin jinka sukan riƙe wuta a ɓoye, wasu har kwanaki, iskar asuba ta taso ta farfaɗo da ita. A bi rufi da hannu ana lalube ɗumi, a leƙa ƙarƙashin rumbu, a tona duk inda ke fitar da siririn hayaƙi a zuba ruwa. A hana yara yawo ba takalmi a cikin ƙunar, don inda saiwar bishiya ta cinye takan bar rami cike da garwashi, toka ta rufe bakinsa.